Maƙerin da Ya Mai da Zira Kan Dutse

A cikin kogo aka haifi Deli, shekarar da mahaya suka hawo duwatsun Mandara farautar bayi. Uwarsa ta toshe masa baki da nono har ƙarar kofato ta yi nisa. Ya tashi a gindin wani tsauni mai tsini, wanda tsofaffi ke cewa maƙogwaron wuta ne da ya huce tun duniya na ɗanya.

Gidansu maƙera ne, kuma a wurin ƙabilarsu ta Kafsiki aikin maƙeri bai tsaya ga fartanya ba. Shi ke ɗora gawa a wuya, ya taka rawa da ita, ya kai ta kabari. Don haka ba a haɗa ƙwarya da shi, ba a ba shi 'ya sai ta maƙera. Deli bai taɓa ƙorafi ba.

Abokinsa ɗaya ne, wani manomi mai suna Zira. In ya kawo gyaran fartanya sai ya ce, "Ungulu, yau kuma wa kake jira?"

"Kai mana," in ji Deli. "Ka dai rage cin wake, wuyana ba na jaki ba ne."

Bayan tafiyar Turawa, hukuma ta ce a sauko kwari, kusa da hanyar mota. Zira ya bi 'ya'yansa noman auduga. Deli ya ƙi sauka. Yana ji yana gani duwatsun da kakanni suka jera don riƙe ƙasar noma suka riƙa zubewa, birai suka gaje gonaki.

Wata safiya da kaka, Tizhe, babban ɗan Zira, ya hawo yana haki.

"Baba Deli, abokinka ya rasu. Ya bar wasiyya a mai da shi kan dutse, a binne shi kusa da mahaifinsa. Mun gwada makara, hanyar ta zaizaye, ba ta ɗaukar mutum biyu."

Lokacin furfura ta gama cinye kan Deli, rabonsa da ɗaukar gawa ya daɗe. Matarsa Kwarumba ta ce, "Tsoho, gawa biyu kake so a yi?" Sai ya ɗauko fatar akuya ya bi yaron.

Ya naɗe Zira a fatar, aka ɗora masa shi a wuya, ya kama hawa. Tsakuwa na gangarowa kan 'ya'yan mamacin da ke biye. A wata matsatsiyar hanya ya durƙusa, Tizhe ya miƙo hannu.

Deli ya ce, "Kar ka taɓa, ɗana. Wannan nawa ne."

Rana ta karkata kafin su isa. Da ya sauke shi a bakin kabari, sai ya zauna ya yi kukan da bai taɓa yi wa wata gawa ba.

Bayansa bai sake miƙewa ba, wutar maƙerarsa ma ta mutu. Ya ƙara 'yan damina a kan dutsen shi da Kwarumba, Tizhe na aiko musu da dawa. Da ajalin Deli ya zo, sai da aka je har garin Mogode kafin a samo maƙerin da zai ɗauke shi.