Na Sayar Da Motar Da Ke Kai Ni Ƙauyuka Don Neman Sanyi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da jama'a ke aikowa wannan shafi, yau dai na ce bari in kawo nawa, ko wani ya tsira daga irin kuskuren da na yi.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da shida, ina zaune a Magarya da matata da 'ya'yanmu biyar. Sana'ata kula da lafiyar dabbobi. Ina da ɗan shagon magani a gari, amma ainihin aikina a daji yake. Ranar kasuwar Bande ina Bande, ranar ta Dungas ina Dungas, sauran kwanakin kuma ina bin ƙauyuka da rugage har bayan Guci, ina yi wa awaki da tumaki da shanu allurar rigakafi, ina ba da maganin tsutsa, in haihuwa ta zo wa saniya da gardama a kira ni. Mutane suna ce mini likita, ni ma ina jin daɗin sunan.

Abin hawana wata tsohuwar ƙaramar mota ce da na saya hannun wani malamin lekwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki. Irin motocin nan ne masu aiki da mai da lantarki tare. Akwai babban batir a bayanta da ke caja kansa idan ana tafiya, don haka in kana tafiya a hankali injin mai yakan yi shiru, lantarki ya ja ta. Mai kaɗan take sha, har nakan manta ranar da na zuba. Amma ba za a ce da ita motar jin daɗi ba. Kilim ɗinta, wato na'urar sanyaya iska, ya mutu tun kafin ta zo hannuna, kujerar direba ta lotsa, ga ta kusa da ƙasa. In na zo wurin rairayi mai zurfi sai na sauka na rage iskar taya, wani lokaci in bar ta gindin gawo in ƙarasa a amalanke. Abokaina na majalisa kuwa ba su bar ni na huta ba. Suna cewa motar likita ba ta sallama, sai dai ka waiwaya ka gan ta a bayanka.

Abin da ya juya mini tunani wata tafiya ce da muka yi Damagaram da wani abokin sana'ata a cikin katkat ɗinsa, wato babbar motar nan mai shiga ko'ina. Bazara ce, rana na dukan ƙasa, amma mu a ciki sanyi har na ja hula na rufe kunne. Na sauka ban ji ciwon bayan da ya daɗe yana damuna ba. Tun daga ranar na fara ganin motata kamar wani hukunci da aka yanke mini. A lokacin kuma mai yana da araha, 'yan ruwa-ruwa masu sayar da shi a kwalba suna kowace kwana, ana shigo da shi daga ƙetaren iyaka. Na ce wa kaina, mutum mai shekaruna ya cancanci ya zauna a kujera mai laushi.

Matata ta yi mini magana sau biyu. Ta ce ita ba ta san kan mota ba, amma ta lura tun da na sayi wannan ba ta taɓa jin na ce wani ƙauye ya yi mini nisa ba. Ta ce in ciwon baya ne, a gyara kujerar. Na amsa mata da cewa ba ita ke shan rana ba. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Cikin sati biyu na sayar da motar ga wata ungozoma da ke aiki a wani gidan likita na karkara wajen Dungas, na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi tsohon katkat mai kilim.

Ba zan yi ƙarya ba, watannin farko na ji daɗi. Rairayi bai ƙara tsayar da ni ba, ina isa ƙauye rigata a bushe, 'yan majalisa suka koma neman in rage musu hanya. Sai kuma mai ya yi tsada a ƙetaren iyaka, kwalaben bakin hanya suka ragu, man da ya rage kuwa kuɗinsa ya ninka. A nan na san abin da na sayo. Man da a da yake kai ni sati, yanzu kwana biyu bai cika ba. Na fara kashe kilim ɗin da na sayi motar dominsa. Daga nan na fara abin da har yau nake jin kunyarsa: in an kira ni daga ƙauye mai nisa, sai in tambayi garke nawa ne, in ba su da yawa in ce su jira sai kira ya taru. Wasu ma a waya nake faɗa musu maganin da za su saya, ban ga dabbar da idona ba.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye bayan Guci wanda na shekara tara ina yi wa awakinsa allura. Shi ne ke tara mini awakin matan ƙauyen a ƙofar gidansa duk lokacin da zan zo, domin a can akuya ita ce dukiyar mace, da ita take yi wa 'yarta kayan ɗaki, da ita take kai yaro likita. A shekarar ya kira ni sau uku yana tuna mini lokacin rigakafi ya yi. Sau ukun ina tambayarsa garke nawa ne, sannan in ce ina nan tafe. Da ya kira na huɗu, cewa ya yi awaki sun fara majina da zawo. Na cika tanki na tafi, amma cutar ta riga ni. Shi kaɗai ya rasa goma sha ɗaya cikin goma sha bakwai. Wata tsohuwa da ke da uku, duka suka tafi. Na yi wa waɗanda suka rage abin da zan iya. Dattijon bai ɗaga mini murya ba, har fura ya sa aka kawo mini. Sai da ya rako ni bakin mota, ya dube ta sama da ƙasa, sannan ya ce, "Likita, da can ba ka taɓa tambayarmu mu nawa ne kafin ka zo ba." A hanyar komawa na tsaya gefen wata gona na daɗe zaune, na kasa tuƙi.

Da na isa gida na faɗa wa matata komai, na ce ita ce da gaskiya. Ba ta tuna mini maganarta ba, cewa kawai ta yi to yanzu me za a yi. Washegari na tafi wurin ungozomar nan na roƙe ta ta mayar mini da motata, in ƙara mata a kan abin da ta biya. Ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, ko ninkawa zan yi ba za ta sayar ba, domin da wannan motar take kai matan da naƙuda ta tsananta zuwa babban gidan likita ba tare da ta tsaya lissafin mai ba. Na ji zafin maganar, amma ban ga laifinta ba. Da zan tafi sai ta ce ta ga irinta sak a wani garaji a Damagaram, an jingine ta saboda batir ya mutu, mai ita ya gaji yana neman wanda zai ɗauka.

Na sayar da katkat ɗin da asara ga wani direban kasuwa, na tafi na ga motar. Ta fi tawa tsufa, ƙura ta rufe ta, kowa na garajin ya ce kada in taɓa. Sai na dace da wani makanike da ya koyi aikin irin waɗannan motoci a Kano. Ya bayyana mini cewa babban batirin ƙananan batura ne da yawa a jere, kuma ba lallai duka suka mutu ba. Ya kwance shi ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar uku ne suka lalace, ga kuma fankar da ke sanyaya batirin rairayi ya toshe ta. Na sayi motar, muka yi sati uku muna jiran kayan gyara. A kwanakin nan babur ɗin kabu-kabu nake hawa zuwa ƙauyuka, akwatin ƙanƙarar allura a kan cinyata, bayana kamar zai tsage, amma ban ƙara cewa kowa ya jira ba. Ranar da makaniken ya kira ni, na danna maɓalli fitilu suka kama, motar ta silala daga garajin ba ƙara ba hayaƙi. Na yi hamdala a fili har masu garajin suna dariya.

Kafin damina ta sauka na zagaye duk ƙauyukan da na yi watsi da su, ban tsallake ko ruga ɗaya ba. A ƙauyen dattijon nan na yi rigakafin shekarar kyauta, na tsaya gaban matan na nemi gafararsu. Wasu sun yafe nan take, wasu sai da suka ga na dawo karo na biyu da na uku. Da cutar ta sake zagayowa yankin, ta yi ɓarna a wasu wurare, amma a garkunan da na yi wa allura ba a kira ni kan ko akuya ɗaya ba. Tsohuwar da ta rasa ukunta na kai mata 'yar akuya, yanzu akuyar ta haihu sau biyu. Ciwon bayan kuwa, wani tela ya sake wa kujerar soso, na koma fita bayan sallar asuba in dawo kafin rana ta take, ya ragu sosai.

Ba na cewa jin daɗi laifi ne, kuma wanda ke da hali ya hau babbar mota Allah ya sa albarka. Abin da na koya shi ne, ni motata kayan aiki ce, kuma ban tsaya na tambayi kaina wa zai ɗauki nauyin sanyin da nake nema ba. Ashe matan wancan ƙauyen ne. Don haka ina jan kunnen duk wanda jama'a ke jiran zuwansa, malami ne, ma'aikacin lafiya ne ko ɗan kasuwa: kafin ka rabu da abin hawan da ke kai ka, ka auna sabon da ranar da mai zai yi tsada, kada ka auna shi da ranar araha. Ka kuma saurari na gida in sun yi maka magana. Ni Allah ya ba ni damar gyarawa, na kuma gode masa, amma awakin da suka mutu ban iya mayar wa masu su duka ba.