Ranar da Gwiwar Direba Ta Ƙi Tashi

Aikina a majalisa shi ne jera kujeru da zuba ruwa a kofuna. Na daɗe ina yi, har na san kowane ɗan majalisa da irin zamansa.

A zauren nan ba a ɗaga hannu. Idan an zo ƙuri'a, wanda ya yarda da kuduri miƙewa yake yi a ƙirga shi. Wannan tsari ya wahalar da mutum ɗaya, wanda kowa ke kira Direba. Bas ɗin haya ya tuƙa tun yana saurayi kafin mutanen unguwarsu su turo shi majalisa, kuma taka kuloci ya gama masa da gwiwar hagu. Saboda haka tun kafin shugaba ya gama karanta tambaya, Direba ya dafa tebur ya fara yunƙuri. Abokan hamayya su yi ta tsokanarsa: "Direba, a sa maka jak ne?" Shi kuma ya ce, "Ku bari inji ya yi zafi tukuna."

Bai taɓa saɓa wa jam'iyyarsa ba. Wani lokaci yakan raɗa mini cewa kudurin bai kwanta masa ba, amma motar da mutum ya shiga ba ya dira a kowace kwana.

Sai jam'iyya ta kawo kudurin soke bas ɗin asuba mai zuwa unguwannin bayan gari, wai ba ya kawo riba. Layin da Direba ya tuƙa ke nan. Masu sharar asibiti da masu gasa burodi ke shigarsa. Ni ma shi nake shiga, ko da yake ban taɓa yi wa Direba maganar ba. Mai tsawatarwa na jam'iyya ya bi 'yan majalisarsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wanda ya zauna ya manta da tikitin zaɓe mai zuwa.

Ranar ƙuri'a ina gefe da butar ruwa. Aka karanta tambaya, 'yan jam'iyya suka miƙe. Direba bai ko dafa tebur ba. Mai tsawatarwa ya ɗauka ciwon ne, ya zo da sauri ya kama shi ta hammata.

"Baba, bismillah, in taimaka maka."

"Sake ni, ɗana. Yau gwiwar lafiyarta ƙalau."

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani. Matan da nake ɗauka da asuba, da ƙafa za su zo wanke asibitin?"

Wasu biyu a bayansa suka dubi juna, suka koma suka zauna a hankali. Kudurin ya faɗi.

Tikiti kam ba su ba shi ba. Ya tattara kofin shayinsa da matashin da yake tallafe gwiwa da shi, ya yi sallama da kowa har mai tsawatarwa.

Yanzu nakan same shi a bas ɗin asuba, a kujerar gaba, ba don yana da wurin zuwa ba. Yana zaune yana damun mai tuƙin: "Kai, canza giya mana, ba ka jin tana kuka?" Idan na shigo sai ya matsa mini, ya tambaye ni wa aka ba kujerarsa ta majalisa, kuma ko yana tashi da wuri idan an zo ƙuri'a.