Jar Motar da Baba Ya Saya wa Mama

Baba ya iya gaisuwa, kuma ita ce ta kusa raba mu da gidanmu. Kansa ya fara rikicewa kamar shekara guda bayan rasuwar Mama. Yakan manta ya ci abinci, yakan nemi banɗaki a ɗakin girki. Amma ka tsaya a gabansa ka ce, "Ina kwana, Baba?" sai gaisuwa ta zubo tiryan-tiryan: ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya muka ji da zafi. Ko tuntuɓe ba ya yi. Ka tafi kana cewa tsoho garau yake, alhali bai san ko kai wane ne ba.

Mu ma da namu laifin. Yayana, wanda ke zaune da shi a gidanmu na Dogarawa, ya kafa doka cewa kada kowa ya sani. In Baba ya kasa gane kujerarsa a coci, sai Yaya ya ce idonsa ne. In ya kira maƙwabci da sunan wani, sai mu yi dariya mu ce zolaya ce. Wai rufin asiri muke yi. Doka ta biyu kuma, kada a sake gaya masa Mama ta rasu. Mun taɓa gaya masa, ya wuni yana kuka kamar ranar aka yi mutuwar, gari na wayewa ya tambaya ina take. Daga nan in ya tambaya sai mu ce ta je kasuwa, ko tana taron zumuntar mata.

Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Wata Laraba, yara sun fita tara, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. "Zo ki ga abin da ubanki ya yi," ya ce, ya kashe. Na hau bas zuwa Kwangila, na tari acaɓa, duk hanya na ɗauka faɗuwa Baba ya yi.

Ina isa na tarar da jar mota 'yar Kwatano a ƙofar gida, Baba yana goge ta da tsohuwar singiletinsa yana fito. Shekara talatin ya yi yana tuƙi kafin ya yi ritaya, ko ranar ma hannunsa bai manta yadda ake shafa mota ba. Ya ce, "Malama, kin ga kaya?" Haka yake kira na tun da na fara aiki.

Yaya ya miƙo mini takarda. Ashe Baba ya kwashi kuɗin fanshonsa da aka tara aka biya su, ya kai wa wani mai sayar da motoci a Sabon Gari kafin alƙalami, saura a riƙa biya wata-wata. Abin biyan ya fi fanshon nasa. Jingina kuma takardun gidanmu. In aka yi wata uku ba a biya ba, mota ta tafi, gida ya bi ta. Mutumin da ba ya gane banɗaki, shi ne ya gano takardun a ƙasan akwatin ƙarfen Mama!

Ban ko sha ruwa ba na nufi wurin mai motocin. Ɗan kudu ne amma haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Na shiga da faɗa, na kira shi macuci a gaban mutanensa. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Madam, sau uku babanki ya zo nan. Ya gaishe ni, ya tambayi iyalina. Ya buɗe bonet ya gaya wa bakanikena fulogi ɗaya ya mutu, aka duba, haka ne. Ya yi ciniki har na yi gumi. Wannan ne za ki ce ba shi da hankali?"

Makonnin da suka biyo baya ban san zama ba. Samaru, Sabon Gari, asibiti, Dogarawa, Samaru. Ina rubutu a allo ina tunanin inda za mu kai Baba in an kore mu. Likita ya ba ni takarda cewa ciwon mantuwa ne na tsufa. Mai motoci ya karanta, ya nuna mini kwanan wata. "Bayan ya sa hannu aka rubuta wannan. Takarda kuma, Madam, kowa na iya samowa." Wani lauya ɗan cocinmu ya ce kotu za ta ci shekaru, gara in nemo waɗanda za su shaida Baba ya daɗe a haka. Na bi maƙwabta gida-gida. Kowa sai ya ce, "Baba? Ai lafiyarsa ƙalau, jiya ma mun gaisa." Kai, na ji kamar in ciji kaina. Mu muka koya musu wannan amsar da bakinmu.

A ƙarshe wani dattijon coci, abokin Baba tun suna samari, ya shiga tsakani. Mai motoci yana ganin girmansa, ya yarda a zauna, amma ya ce sai an zo da Baba ya gani da idonsa. Kwana goma suka rage wata na uku ya cika.

Ina addu'a Baba ya tashi a rikice ranar, Allah ya gafarta mini. Sai ya tashi garau. Ya sa farin kaftani, ya tsaya gaban madubi yana gyara hula. Muka zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano, motoci jere a bayanmu. Baba ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadi.

Dattijo ya ce, "Abokina, kai ka sa hannu a takardar nan?"

"Da hannuna."

"Ka san takardun gida ka bayar?"

"Gidan wani ne? Ba nawa ba ne?"

Mai motoci ya buɗe hannuwa ya dube ni. Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Na ga gida yana tafiya ina kallo. Na ce, "Baba, wa ka saya wa motar?"

Fuskarsa ta washe. "Mamanku mana. Ƙafarta ta hana ta hawa acaɓa. Shekara talatin ina tuƙa matan mutane, ita ko sau ɗaya ban buɗe mata ƙofar tawa ba. Ranar Lahadi ni zan kai ta coci."

Mai motoci bai san komai ba, ya ce, "To, Madam? Mutum ya saya wa matarsa mota, laifi ne?"

Da na iya jan mai motocin gefe in gaya masa Mama ta rasu. Na sha faɗa wa kaina ba zai yarda da maganata ba, tun da ya ƙi ta likita. Wataƙila haka ne. Amma gaskiya zuciya ce ta ɗebe ni, na gaji, kuma ina so a gama. Yaya ya kama hannuna, na fizge.

"Baba, Mama ta rasu. Shekara uku ke nan."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya juya wajen abokinsa. "Gaskiya ne?"

Dattijo ya ce a hankali, "Gaskiya ne. Ni na yi addu'a a bakin kabarin."

"Kuka binne ta ba ku gaya mini ba?" Ya cire hular ya riƙe da hannu biyu. "Me na yi muku?" Sai kuka, irin na wancan wunin, a gaban bakanikai da masu wanke mota.

Mai motoci ya tashi ya shiga ofis. Ya fito da takardun gida ya ɗora mini a cinya, bai dubi fuskata ba. Ya ce a dawo da mota, zai mayar da kafin alƙalamin ya cire ɗan abin da ya kashe. "Ya isa haka, Madam. Ku kai shi gida." Na naɗe takardun, na kama hannun Baba muka tashi.

Dattijo ya ɗauke mu a motarsa. Yaya na gaba, kuma daga ranar sai da aka yi wata biyu kafin ya sake amsa gaisuwata. Ni da Baba muna baya. Kafin mu fita daga Sabon Gari kukan ya tsaya. Ya share ido da hula, ya dafa ƙirji.

"Malama, me ya same ni? Nan wurin ya yi mini nauyi."

"Gajiya ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Can ya hango mai lemo a bakin titi, ya taɓa kafaɗar dattijo. "Tsaya, tsaya. A saya wa mamansu lemo, kar mu koma mata hannu rabbana."

Dattijo ya dube ni ta madubi, ya taka birki. Na sauka da takardun gida a hammata. Baba ya leƙo ta taga ya ce in zaɓi masu siririn ɓawo, su ta fi so. Na tsuguna na zaɓa.