Na Je Katsina Ɗauko Ƙarar Gida

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga Kano, ni da abokin tafiyata. Shi yana rungume da majigin haska hoto a bango kamar jariri, ni kuma ina rataye da jakar kwamfuta da 'yar na'urar ɗaukar sauti. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san harkarmu, amma saboda sababbi bari in faɗa: mu ne mutanen nan da ke rubuta wa kwamfuta umarni a gaban jama'a, ita kuma nan take ta mayar da rubutun zane mai motsi da sauti. Kana rubutu, bango yana canza launi. Ka yi kuskure, kowa ya gani. Matasan Katsina ne suka gayyace mu taron da sukan yi lokaci-lokaci.

Sai dai ba taron kaɗai ya kai ni ba. Wanda ya kafa shi abokina ne, Bakatsine, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, kuma shi ya koya mini wannan aiki. Shekarun baya ya samu aiki a wata ƙasar Turai mai sanyi, ya tafi da niyyar zai riƙa zuwa sallah. Takardun zamansa suka cuɗe, aka ce masa in ya fito ba lallai ya sake shiga ba. Haka sallah ta yi ta zuwa tana wucewa. An shirya zai yi nasa wasan daga can ta intanet, shi ya sa ya ba ni aike. Ya ce, "Ka je gidanmu ka ɗauko mini ƙarar gida. Hotuna ina da su. Ƙarar nake so."

A tasha sai da aka yi ciniki a kan majigin. Direba ya ce in dai ba za a sa shi a but ba, to kuɗin mutum guda za a biya masa. Abokin tafiyata ya ce kan cinyarsa zai zauna, ai ba a cajin jarirai. Kuɗin mota ya yi tashin da yanzu ba wanda ke wasa da kujera, amma dariya ta sa direban ya haƙura. Muka ratsa Dawanau ta tsakanin manyan motocin hatsi, muka wuce Bichi da Tsanyawa. Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai, dawa ta fi mutum tsayi hagu da dama. Hanyar wani wurin sumul, wani wurin sai ka riƙe haƙoranka. A Gidan Mutum Ɗaya muka tsaya, masu talla suka yi wa motar zobe. Na sayi dafaffiyar gyaɗa da ƙosai mai zafi, na ci na ƙoshi, abokin tafiyata kuwa ya ƙi taɓawa don kada mai ya shafi majigi.

Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Kaura. Tun daga bakin mai adaidaitan da ya ɗauke mu na tuna da abokina. Cewa ya yi, "Ina za ku tahi?" Shekara da shekaru ina tsokanar abokina a kan wannan tahi ɗin, da hura maimakon fura. Ban san kunnena yana jin yunwarsu ba sai ranar.

Na bar abokin tafiyata a wurin taro yana haɗa wayoyi, na nufi Ƙofar Kwaya. Ƙanwar abokina ce ta tarbe ni a zaure. Ita ke riƙe da taron tun tafiyarsa. Ta kai ni wurin mahaifiyarsu, Hajiya, tsohuwar malamar makaranta da ta koma ɗinki bayan ritaya. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwar da ta bi ta kan iyayena da iyalina da hanya da ruwan bana da mutanen Kano kaf. Mutum ɗaya ne ba ta tambaya ba. Abokina ɗan fari ne, Hajiya kuwa irin iyayen da ne, ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko ya kira waya, in ji ƙanwar, daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka", sai ta miƙa wa wani.

Aka kawo mini fura mai sanyi da waina, sannan na fara aikina. Na ɗauki kukan ƙyauren zaure, wanda sai an ɗaga shi da gwiwa yake rufuwa. Na ɗauki kukan tattabarun da abokina ya bari, waɗanda yanzu sun cika soro. Na ɗauki zubar ruwa cikin randa, da mai kalanzir da ke wucewa yana kira a lungu. Ƙanwar ta ce da Hajiya ko za ta yi 'yar magana a ɗauka. Hajiya ta ce, "Mi zan hwaɗi? Ku dai yi abinku."

Na roƙe ta ko keken ɗinkinta ta taka mini. Wannan ta yarda. Tsohon keke ne baƙi, na ƙafa. Na ajiye na'urar kusa da shi, ta sa ƙyalle ta fara takawa. Ƙanwar ta fita ɗauko wani abu, muka rage mu biyu. Keken yana tafiya, kanta a sunkuye, sai ta ce a hankali, "Wai ni kam, yana cin abinci kuwa can? Na gan shi a waya duk ya rame."

Na ce mata yana ci. Sannan na ce, "Hajiya, na'urar nan fa tana ɗauka. In goge?"

Ta tsayar da keken, ta daɗe tana gyara zaren da bai tsinke ba. Ta ce, "Ni ban san kan kayanku ba, ɗana. Bar shi yadda yake."

Na tura wa abokina sautukan gaba ɗaya, ban gaya masa akwai muryar Hajiya a ciki ba. Ya amsa cewa yana wurin aiki, ba zai samu sauraron duka ba sai dai a kan dandali.

Bayan la'asar aka fara taron. Wani ɗakin karatu ne aka ba su aro, suka toshe tagogi da baƙin yadi, suka shimfiɗa tabarmi. Wutar sola ce, don ba wanda zai amince wa ta gari da irin wannan rana. Na yi mamakin mutanen da suka zo: ɗalibai, masu gyaran waya, wata ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta, da wani mai ɗinkin hula da ya koyi rubutun nan a wayarsa. Shi ya fi burge ni. Zanen hula ya sa kwamfuta ta riƙa saƙawa a bango, yana haihuwar wani zanen, har ɗakin ya ɗauki tafi. Mu ma muka yi namu, na manta alama ɗaya bango ya yi fari fat, yara suka yi mini ihu. Ana cikin haka na hango Hajiya ta shigo ta zauna can baya a kan kujerar roba. Ta gaya wa na kusa da ita aikin ɗiyarta ta zo gani.

Sai aka haɗa da abokina. Fuskarsa ba ta fito ba, rubutunsa kawai muke gani yana sauka a bango. Ƙyauren zaure ya yi kuka, wata ƙofa ta haske ta buɗe. Tattabaru suka tashi, suka zama ɗigo-ɗigo farare suna zagaya ɗakin. Mutanen unguwar suka gane muryar mai kalanzir, aka fashe da dariya. Daga nan ya kira sautin keke. Kowane taku sai ya bar ɗinki ja a bango, layi bayan layi. Can cikin ƙarar sai muryar Hajiya ta fito ta lasifika, tana tambaya ko yana cin abinci.

Rubutu ya tsaya. Keken ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Wani ya ce sabis ne, abokin tafiyata ya miƙe zai duba waya, na riƙe masa riga. Na san ba sabis ba ne. Can sai haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba umarni ga kwamfuta ba, Hausa zalla: "Ina ci, Hajiya. Amma ba irin naki ba."

Ban waiwaya ba, kunya ta hana ni. Ƙanwar ce ta gaya mini daga baya cewa Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma ba ta tashi ba sai da aka gama.

Washegari da safe na je sallama. Ba ta ɗauko zancen jiya ba, ni ma ban ɗauko ba. Har na kai zaure ta aiko a kira ni, ta miƙo mini ƙulli mai nauyi: dambun nama, kuka, daddawa da yaji. Ta ce, "Ku a Kano ba ku rasa masu tahiya. In ka samu, ka ba su." Ba ta ce a kai wa wa ba.

Hanyar dawowa ban ga komai ba, ko gyaɗar ban saya ba. Ƙamshin daddawa ya cika motar, wata fasinja ta yi ta mita, na ba ta haƙuri ban bar ƙullin ya shiga but ba. Mun iso Kano lafiya ana kiran azahar.

Na tafi da tunanin mun ƙware, tunda muna iya tura ƙarar gida ta tsallaka teku kafin a ƙifta ido. Na dawo na gane iyakarmu. Muryar ta isa, amsar ta dawo, amma ɗa bai zauna gaban uwarsa ya ci tuwo ba, ni ma ban samu wanda zan tsokana ba. Ƙullin yana nan kan teburina. Don Allah, in a cikinku akwai mai tafiya ƙasar da abokina yake a kwanakin nan, ya yi mini magana. Dambun ba zai jira takardu ba.