Gobarar da Kaka ta Gani a Kan Dutse

Shekarata tara lokacin da aka kawo Kaka daga Dogondutsi ta ƙasar Nijar. Mahaifiyar babana ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana Mariama ba, sai dai Takwara. Aikin ido ne ya kawo ta. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyun shekara da shekaru, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Muna zaune a hawa na biyar a wani dogon gini a titin Grand Concourse, a unguwar Bronx ta birnin New York, ni da Baba da Mama.

Tun makon farko ta nemi wuta. A gida, in ji ta, idan an gama yankan gero akan tara kara a tsakar gida a hura, yara su kewaye ta, ta yi ta ba su tatsuniya har a kira isha'i. Mu kuwa ba mu da tsakar gida, balle kara. Sai ta riƙa jan kujera zuwa kicin bayan magariba, Mama ta kunna mata murhun gas, ta miƙa tafukanta saman shuɗin harshen wutar. Ni da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Kumasi mukan zauna a ƙasa, mu jingina da firji. Tana da nata salon farawa. Takan bugi cinya sau biyu ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Mu ne!" Kusan iyakar Hausar da ke fita daga bakina ke nan a lokacin. Ina jin komai, amma da Turanci nake amsawa. Ita kuwa sai ta ce, "Takwara, mi kika ce? Faɗa mini da bakin gida."

A watan Satumba aka yi mata aikin idon dama. Ranar da aka cire bandejin, Baba ya kamo hannunta zuwa taga yana ta murna. Ta daɗe tana kallon jan bulon ginin da ke fuskantarmu da tsanin ƙarfen da ke maƙale a jikinsa. Ta sunkuya ta dubi bayan hannuwanta. Sannan ta juyo ta dubi Baba, wanda rabonta da ganin fuskarsa tun yana saurayi.

"Issufu," ta ce, "yaushe ka yi furfura?"

Daga ranar ta yi shiru. Ta daina zuwa kicin. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. An sa ranar aikin ɗaya idon a watan Nuwamba, ta ce ba ta so, a mayar da ita gida, abin da ta gani ya ishe ta. Likita ya gaya wa Baba cewa na hagun ya fi lalacewa, in aka bar shi zai iya mutuwa ɗungum. Baba ya roƙa, ya sa aka kira 'yan'uwa a waya suka roƙa, ta ƙi. Ina tuna shi zaune a bakin gado yana ɗaure takalmi zai tafi shago, ya ɗaure ya kwance, ya sake ɗaurewa.

Duk shekara a watan Oktoba matan masallacinmu kan ɗauki hayar bas wata Asabar, su kai yara duwatsun Catskill kallon bikin kakar amfanin gona. Mama ta ce mu tafi da Kaka ta sha iska. Kaka ta juya fuska ga bango. Mama ta ce, "Inna, akwai fa dutse a can." Sai ta juyo. "Dutse? A ƙasar nan?" A gindin dutse aka haife ta, a gindinsa ta yi aure ta haihu. Ta ce a miƙo mata mayafinta mai kauri.

Bayan asuba muka tashi. Bas ɗin cike da mata da yara da kuloli na dafa-duka da dambun zogale, ana ta hira, Hausar Kumasi da ta Maraɗi da ta Kano duk a haɗe. Kaka na gefen taga sanye da baƙin tabarau na asibiti, ta rufe ido tana jan carbi. Mun yi tafiyar sama da awa biyu. Da hanya ta fara hawa, bas ya sha wata kwana, sai ta cire tabarau za ta goge fuska. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

"Wuta! Direba, tsaya! Daji na ci!"

Mata suka fashe da dariya. Amma da suka ga yadda ta dafe gilashi da hannu biyu, dariyar ta mutu. Direban, wani dattijo baƙar fata, ba ya jin Hausa amma ya gane. Ya gangara wani fili da masu kallo ke tsayawa, ya buɗe ƙofa.

Ta dafa kafaɗata muka sauka. Ni kaina na taɓa zuwa sau biyu, amma ban taɓa tsayawa na duba ba sai ranar. Dutse bayan dutse har inda ido ya ƙare, kowanne lulluɓe da itatuwa tun daga gindi har ƙoli, kuma babu kore sai jefi-jefi. Ja kamar garwashi, ruwan goro, rawaya kamar an kwaɓa kurkum an watsa. Rana ta faɗo a kansu, iska na kaɗa su, sai ka rantse harsunan wuta ne ke motsi. Can ƙasa wani rafi na ƙyalli.

"Ina hayaƙin?" ta tambaya a hankali.

"Babu hayaƙi, Inna," in ji Mama. "Ganye ne."

Kaka ta rufe idon hagu da tafinta don ta gani da kyau, hawaye na gangarowa daga na daman. Sai "Tabarakallah" take maimaitawa. Sai da direba ya yi hon sau biyu kafin ta yarda ta koma.

A ƙauyen da ake bikin mun tarar da tulin kabewa ya fi ni tsawo, da kwandunan tuffa, da wasu tsofaffi na goga goge irin nasu mutane na tattaka ƙasa. Kaka ta ga kabewar da aka fafe aka yi wa ido da haƙora, ta riƙe haɓa. "Abin miya anka yi wa baki? Allah shi kyauta." Ranar na fara jin dariyarta tun bayan aikin.

Bayan azahar wata ma'aikaciyar gandun daji, doguwa mai faffaɗar hula, ta ja yara zuwa cikin itatuwa tana yi mana bayani. Mama ta tsaya wajen rabon abinci, Kaka kuwa ta ce ƙafarta ƙafata. Muna tafe ganye na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu, Kaka ta tsinci wani jan ganye mai yatsu biyar, ta juya shi, ta miƙa wa matar.

"Takwara, tambaye ta wace cuta ce ta kama su."

Matar ta yi bayani, sannan su biyun suka zuba mini ido. Babu wanda zai fassara sai ni. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

"Ta ce ba cuta ba ne. Ta ce rawaya yana ciki tun da. Kore ne ya ɓoye shi. In sanyi ya zo, itace yana shanye abincinsa, ya mayar cikin jiki. Sai ya saki ganye."

"Shi da kanshi yake saki? Ba ƙwace mishi anka yi ba?"

Na tambaya. Matar ta nuna mana gindin ganyen, ta ce itacen ne da kansa ke toshe ƙofar a nan, in ya shirya. Na faɗa wa Kaka yadda na iya. Ta ce in sake faɗi. Na sake. Ta ƙulle ganyen a bakin mayafinta.

Mun yi sallar magariba a kan ciyawa, sanyi na ratsa safa. Masu gandun suka hura mana wuta ta itacen gaske a cikin da'irar duwatsu, suka raba wa yara wata farar alewa mai laushi kamar auduga, ana soke ta a tsinke a gasa. Kaka ta matso ta miƙa tafukanta. Hasken ya kama fuskarta, duwatsun suka zama baƙaƙe a bayanta. Sai na ji ta bugi cinya sau biyu.

"Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?"

Har manyan mata sai da suka amsa.

Ta ce an yi wata tsohuwa a gindin wani dutse, tana da adudu cike da zannuwa: ja, rawaya, ruwan goro, kowanne ya fi wani. Tun tana budurwa take tarawa, amma ba ta taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Biki ya zo, ta ce bai kai ba. Salla ta zo, ta ce sai baɗi. Kullum tana cikin tsohon zane guda. Ran nan wani farin tsuntsu ya sauka a kan dangarta ya ce, "Saura kwana bakwai in zo in tafi da ke." Tsohuwa ta kwana biyu zaune a kan adudun tana kuka, ta riƙe murfinsa. A rana ta uku ta ɗora shi a ka ta hau dutsen. Duk itacen da ta iske sai ta yafa masa zane, har adudu ya zama wayam. Da gari ya waye mutanen gari suka hango dutse ya yi jajir, suka ɗauko tulu da ƙwarya a guje za su kashe gobara. Suna isa suka tarar da zannuwa na kaɗawa, tsohuwa na zaune tana cewa kowa ya ɗauka.

Nan Kaka ta rage murya. "Ran bakwai tsuntsu ya zo. Ya dube ta ya ce, 'Duk wanda na zo ɗauka, sai na ɓamɓare yatsunshi ɗaya-ɗaya yana kuwwa. Ke ina abin da kika riƙe?' Ta buɗe mishi hannu biyu. Sai ya ce, 'To hau bayana, ba ki da nauyi.' Sunka tashi, tana kallon dutsenta daga bisa. Itatuwa kuwa sun gani. Shi ya sa duk shekara sai su fiddo abin da sunka ɓoye, kowa shi gani, sannan su saki."

Ta kakkaɓe hannu ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Babu wanda ya motsa. Alewata ta ƙone ƙurmus a bakin tsinke ban sani ba.

Washegari da safe, Baba na shan shayi, ta ce, "Issufu, ka gaya wa likitan nan ina son ɗayan. Ido guda bai ishi wancan dutse ba." Baba ya ajiye kofi ya shige banɗaki, ya daɗe bai fito ba. An yi aikin lafiya. Ganyen ya riga ya zube a lokacin, amma da ido biyu ta ga dusar ƙanƙara. Duk sanyin nan ba ta tsallake yamma ɗaya ba a kicin, kuma ta kafa doka: duk tatsuniyar da ta bayar, gobe ni zan maimaita ta da Hausa kafin ta ba da sabuwa. Da bazara ta koma gida. Bayan shekara uku Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a nan Bronx. Na riƙe hannun mutane da yawa a kwanakinsu na ƙarshe. Akwai hannun da ke damƙe zanin gado har farce ya yi fari, akwai wanda ke kwance a buɗe. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan rowa take magana. Sai a bakin gadajen nan na gane tana magana ne kan tsoro, kuma mai ba da ita ta fi mu duka buƙatarta a yammar nan.

Da na je Dogondutsi karon farko, na ba Goggo Hassana, ƙanwar Baba, tatsuniyar, na tambaye ta ko wajen wa Kaka ta koya. Goggo ta girgiza kai ta ce ita dai duk tatsuniyoyin Inna ta san su, amma wannan ba ta taɓa ji ba. Sannan ta kamo gefen zanen da ke jikinta, wani ja da ya fara koɗewa.

"Amma wannan nata ne," ta ce. "Mako guda da dawowarta ta buɗe akwatinta ta rabe komai, ta bar wa kanta biyu. Mun ce, Inna, lafiya? Ta ce lafiya lau, wajen itatuwan ƙasarku ta gani."