Lubabatu, Ƙafar Ta Warke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwata, Dakta Lubabatu Na'Allah, a wani asibiti a Sakkwato, makonni kaɗan bayan an yi mata tiyatar haihuwa. Muka kawo ta gida Illela, muka rufe ta bayan la'asar kusa da mahaifinmu. Ni ne Halliru, yayanta, malamin firamare a Amarawa. Na saba rubuta wa mutane ta'aziyyar nasu, ban taɓa kawowa a raina zan rubuta tata ba, domin ni na goya ta.

Lubabatu, tun kina ƙarama ke ce mai wanke randa a gidanmu, ba don an sa ki ba, sai don ƙyanƙyami. Za ki zura hannu ki shafo cikin randa, in kika ji santsi sai ki ƙi shan ruwan ko da ƙishi zai kashe ki. Inna ta ce an sake ruwan da safe, ke kuwa ki ce an sake ruwa, ba a sake randa ba. Muna yi miki dariya, muna kiran ki sarkin tsafta. Ashe aikin rayuwarki kike shafowa.

Da kika gama karatu mai zurfi a kan ƙwayoyin cuta, mutanen unguwa suka laƙaba miki Dakta, suka fara kawo miki ciwon kai da ciwon baya. Kin gaji da faɗa musu cewa ke ba likita ba ce, aikinki a ɗakin gwaji yake. Ni kaina sai da kika zaunar da ni kika yi mini bayani da randar Inna. Kika ce ƙwayoyin cuta ba su cika zama a warwatse ba. In suka sami wuri, kamar cikin gyambo, sai su taru su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, irin santsin nan na cikin randa. Magani ya zo ya bi ta sama ya wuce, su kuwa suna ƙasa lafiya lau. Wasunsu ma sun riga sun saba da magungunan, saboda yadda muke shan kafso kamar gyaɗa, mu sha biyu mu ji sauƙi mu bari. Abin da kike nema shi ne ko bitamin zai iya hana su gina wannan yauƙin, don magani ya sami hanyar shiga. Kika ce a 'yan farantanki na gwaji wani bitamin ya kan rage yauƙin, wani ba ya yin kome, wani kuma sai ka ce abinci ka ba su. Kuma duk lokacin da kika faɗi haka sai kin ƙara da cewa wannan a faranti ne, ba a jikin mutum ba.

Wannan ƙarashen maganar ne mutanen Illela ba su ji ba.

A garinmu, da ma, in mutum ya yi gyambo, kafso ja da rawaya ake saya wurin masu tallar magani, a buɗe shi a barbaɗa garin a kan ciwo. Haka muka taso muka ga ana yi. To, a wani taron suna mata suka tsare ki da tambayar abin da kike bincike, kika yi musu bayani tsakani da Allah. Kafin wata ya kama, masu talla sun fara daka ƙwayar bitamin su haɗa da garin kafso su ƙulla a leda. Suka sa masa suna haɗin Dakta. Aka riƙa sayen sa daga Garu har Lafani, har 'yan Ƙonni suna tsallako iyaka nemansa. Wallahi da alfahari ake sayen sa, wai ɗiyarmu ta gano magani.

A daidai lokacin nan ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa. Ina da ciwon suga, ciwon ya ƙi rufewa, ya zama gyambo. Matata Hindatu ta sayo haɗin tana murna, tana cewa ai na gida ne. Muka yi ta barbaɗawa, ƙafa tana ta kumbura, ga wari. Da na je asibiti likita ya duba, ya ce in ba a yi sa'a ba sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Ranar da kika iso, da cikinki da ya fara nauyi, ba ki ko sha ruwa ba kika durƙusa kika kwance tsumman. Kika ga garin nan mai ruwan ɗorawa ya kafe a bakin ciwon.

“Yaya, mi anka sa ma ƙafag ga?”

Hindatu ta ce, “Haɗinki na, Dakta.”

Ban taɓa ganin fuskarki haka ba. Ba ki yi faɗa ba, kika dai zauna a ƙasa kika yi kuka, kina cewa, “Da sunana za a yanke ma ƙafa, Yaya? Da sunana?”

Kika dangwalo ruwan ciwon da auduga kika koma da shi Sakkwato. Da kika dawo kika nuna mini hoton farantin a wayarki. Ƙwayoyin sun rufe shi ruf, ga 'yan fararen ɗigo da kika ce kowanne magani ne daban. Kika koya mini yadda ake dubawa: in magani yana aiki, za a ga fili ya kewaye ɗigonsa, ƙwayoyin sun ja baya. A nawa, ɗigo ɗaya tak ne yake da fili. Kika kai wa likitoci sakamakon, suka ba ni wannan maganin, suka riƙa kankare gyambon har sai ya yi jini. In na yi raki ki ce in yi haƙuri, randa ake wankewa.

Kuma ba ki tsaya a kaina ba. Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, kika bi masu tallar magani ɗaya bayan ɗaya cikin rana, kina roƙon su don Allah su cire sunanki daga ledar nan. Wasu suka ji kunya suka bari. Wani ya ce miki tawali'u ne kawai irin na masu ilimi. Kin dawo gida ƙafafunki sun kumbura, Inna tana ta yi miki faɗa.

Da za ki koma, kika kafa mini doka. Kika ce kada in yi doguwar tafiya da ƙafar nan, ko da na ga ta rufe, sai kin zo kin gani da idonki. Na ce to, ranki ya daɗe. Kika ce kina zuwa da kin yi arba'in.

An ciro ɗiyarki Na'ima lafiya. Mun yi suna, mun ci, mun yi barka. Sai wurin ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, na shaida, ana cire wannan magani ana sa wancan. Na zo asibiti a mota da sandata na same ki kin rame, amma hankalinki garau. Kika matsa wa abokiyar aikinki Shafa'atu sai ta nuna miki hoton farantin da aka gwada ruwan ɗinkinki. Ta yi ta kwana-kwana, kika ce ai kin san dalilin da ya sa take ɓoyewa. Da kika karɓi wayar kin daɗe kina kallo, sannan kika miƙo mini. Da ma ba ki koya mini ba, Lubabatu. Na duba ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda yake da fili.

Kika ce, “Ka gani ko, Yaya? Kak ka hwaɗa ma Inna.” Sai kika tambaye ni ƙafa.

Zuciyata ta karye, kuma har yau ba ta ɗinku ba. Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji, Shi Ya ba mu ke, Shi Ya karɓe. Amma ina kewarki ƙwarai. Ina kewar yadda kike shigowa gida ki wuce kowa ki leƙa randa. Inna ta ce tun ranar ba ta iya wanke ta, sai dai Hindatu ta je ta wanke mata.

Ina roƙon mutanen Illela abu guda. Duk wanda yake ƙaunar Lubabatu, kada ya sake sayen haɗin nan, kada ya sake kiran sa da sunanta. Mai gyambo ya je a gwada, a ba shi maganin da ya dace, ya sha har ƙarshe yadda aka ce. Binciken da ta fara bai ƙare ba, Shafa'atu da ɗalibanta suna ci gaba, Allah Ya dafa musu.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu Hajiya Fatima, da mijinta Malam Ikrama wanda bai bar gefen gadonta ba, da 'yan'uwa na Illela da na Sakkwato, da abokan aikinta. Allah Ya jiƙan ta, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya sa iliminta ya zama sadaka mai gudana. Allah Ya raya Na'ima, Ya ba mu ikon riƙe ta da amana. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Saura magana ɗaya tsakanina da ke. Ranar da aka ɗauko ki, maƙwabcinmu Mukhtari ya kawo babur ya ce in hau, maƙabarta da nisa. Na ce a'a. Na ajiye sandar a zaure, na bi ki da ƙafa tun daga ƙofar gida har bakin kabari, na kama makara da hannuna. Na karya dokarki, ki yafe mini. Da na dawo na cire takalmi na duba, ko ɗigon jini babu. Ƙafar ta warke, Lubabatu, ke ce dai ba ki zo kin gani ba.