Ashanar Kawu Malami

Kawu Malami bai taɓa shan taba ba, amma kun san aljihunsa ba ya rabo da ashana da ɗan ƙaramin almakashi. In kuna gaisawa, ba fuskarka yake kallo ba, hannun rigarka yake murzawa da yatsu. Ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Shagari, kuma shi ke kula da ɗakin gwajin sinadarai a jami'a, inda ɗalibai ke koyon aiki da hannu. Ni yadi nake sayarwa a Boɗinga. Motar da ke kai shi aiki ta gaban shagona take bi, abin da ya jawo mini ke nan.

Wata rana wata hajiya ta zaɓi yadi mai sheƙi, muna gab da daidaitawa, sai ga Kawu. Ya yi sallama, ya datsi bakin yadin, ya kyasta ashana. Ƙyallen ya nannaɗe, ya narke, ya ɗiga ƙasa kamar kwalta.

"Hajiya, kina girki?"

"Ina yi, Malam."

"To wanga ba tuhwa ba na, leda ta. In wuta ta kama shi, tare da fatarki za a ɓanɓare shi."

Ta ajiye ta fita. Na ce, "Kawu, ka kore mini ciniki."

"Nasiru, gobe wani cinikin na zuwa. Ita ko fata guda gare ta." Sannan ya ce in sa a kawo masa shayi.

A wurin aikinsa ma haka yake. Ba ci, ba sha, ba shinshina kwalba, ba zuƙar sinadari da baki. Duk kwalbar da ba a rubuta sunan abin da ke cikinta ba, guba ce a wurinsa. Wani ɗalibi ya taɓa ɓoye gorar fura a firjin sinadarai saboda zafi. Washegari ya tarar Kawu ya manna mata takarda, ya rubuta guba.

"Baba, wallahi fura ce."

"Jiya hura ta. Yau ta kwana da maƙwabtan da ba ka san halinsu ba."

Duk wannan dariya nake yi masa, sai da abin ya zo kan ɗiyata Asma'u. Ta samu gurbin karatun sinadarai, ita ce ta farko a gidanmu da ta kai jami'a. Shekarar kuwa dogon hijabi har ƙasa ake yayi, mai santsi, mai roba a ciki, kuma daga shagona aka yanka nata. Ranar farko ta shiga ɗakin gwaji, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya murza gefen hijabin, ya nuna mata hanyar waje, ita da ƙawayenta. Ita ba za ta cire shi a gaban maza ba, shi ba zai bar ta kusa da wutar gas da shi ba. Wanda bai yi aikin ɗakin gwaji ba kuwa ba ya wuce ajin. Mako ya wuce, wani ya biyo, Asma'u ta fara maganar ta haƙura da karatun.

Na ɗauke ta muka tafi Shagari. Muka same shi a zaure. Da ma matarsa yake kiranta, irin wasan kaka da jika.

"A'a, matata ta kawo ƙara. Mi aka yi?"

"Kai ka san abin da ka yi, tsoho. Na fasa auren."

Na ce, "Kawu, jikarka ce fa. Ka bar ta ta shiga, za ta kiyaye."

"Ni na san jikata ta. Wutar ce ba a gaya mata ba. Ta duƙa ɗaukar kwalba, gefen hijabi ya share wuta, kahin ta waiga ya kai ga wuya. Ni ban ce ta tuɓe ba."

"To ta yi yaya?"

"Kai ad dillalin yadi, ni kake tambaya?"

Nan na ga inda ya dosa. Ran Asabar ya zo shago da sabon kwalin ashana. Bandir bayan bandir muna saukowa da su, yana datsa yana ƙonawa. Wanda ya narke ya ture gefe, wanda ya ci a hankali ya bar toka ya ajiye kusa. Shago ya cika da ƙauri, har mai shayi ya leƙo da bokitin ruwa. A ƙarshe ya tsaya kan wata auduga mai kauri. Ya tsaya a kan tela har aka ɗinka hijabi gajere, ya rufe kai da wuya da ƙirji, sauran a cusa cikin farar rigar aiki a ɓalle maɓalli.

Asma'u ta saka ta dubi madubi. "Kamar 'yar firamare."

"Ni am mijin, kuma na ce kin yi kyau."

Ran Litinin ta je da sabon hijabinta, ƙawayenta ma duk sun ɗinka. Kawu ya murza, ya gyaɗa kai, sannan ya dubi ƙasa.

"Matata, silifas? Koma ki sa rufaffen takalmi."

Ta koma, ta dawo, ta shiga. Ta gama karatunta ba ko tabo a jikinta. Yanzu ita ke koyar da yara aikin ɗakin gwaji a makarantar sakandare, an ce tana tsayawa bakin ƙofa tana murza musu hannun riga. Audugar kuwa har yau ba na bari ta yanke a shago, duk farkon zangon karatu sai an zo nema.

Ranar da Kawu ya rasu, ni aka ce in kawo likkafani. Na sauko da bandir ɗin farin yadi da na daɗe ban taɓa ba, na warware, sai ga kusurwarsa a ƙone. Tun ran Asabar ɗin nan ne. Na yanke wurin na sa a aljihu, na auna masa sauran.

Allah, bawanka Malami ya ƙare rayuwarsa yana raba 'ya'yan mutane da wuta. Ka raba shi da ita, Ka sanyaya makwancinsa.